Yadda ake hawa Dutsen Kilimanjaro da ƙafa

Dutsen Kilimanjaro da ke arewa maso gabashin Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne, kuma duk Afirka babu dutsen da ya kai shi. Amma da ƙafa ake hawansa tun daga gindi har ƙololuwa. Babu igiya, babu ƙugiya, ba sai ka koyi wata dabarar maƙalewa a jikin dutse ba. Na ga dattijuwa mai jikoki ta kai har sama tana dogara sanda, na kuma ga saurayi majiyin ƙarfi an riƙo shi ana saukowa da shi yana layi, bai ko kai sansanin ƙarshe ba. Abin da ya raba su shi ne yawan kwanakin da kowannensu ya saya, da irin takun da ya yi.

Dalili kuwa iska ce. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba. Jos da muke yi wa kirari da sanyi tana wajen mita 1,200. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. To sansanin da za ka kwana a darenka na farko a hanyar Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawa, ya riga ya ɗara wannan. A can ƙololuwa kuwa, duk numfashin da ka ja yana kawo maka kusan rabin oksijin ɗin da kake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa da haka, yana ƙara yawan numfashi da bugun zuciya, sannu a hankali jini ma ya daidaita, amma lokaci yake so. Ƙarfin gaɓoɓi ba ya gaggauta wannan sabo ko kaɗan. Sau da yawa ma mai ƙarfin ne ke fara faɗuwa, don shi ne ke iya saurin da zai kai shi inda jikinsa bai shirya ba.

Fara da likita

Kafin ka biya ko sisi, je asibiti. Akwai abin da ya shafe mu sosai wanda kamfanonin yawon buɗe ido ba su cika tambaya ba, wato sikila. Mai SS bai kamata ya kusanci wannan tsayi ba. Mai AS kuma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau har ya manta da zancen, ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. In ba ka san rukuninka ba, yi gwaji, ka kai wa likita sakamakon, ka faɗa masa ainihin tsayin da za ka hau da lamba. Haka mai hawan jini, mai asma, mai ciwon suga ko na zuciya.

A nan ne kuma za ka yi masa zancen Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tudu. Likita ne zai ce ka sha ko kada ka sha, da nawa. Yana sa yawan fitsari, yana sa tsikari a yatsu da leɓe, kuma lemon kwalba mai gas zai yi maka wani ɗanɗano banbarakwai. In ka taɓa shan Septrin ko Fansidar jikinka ya yi ƙuraje, ka gaya masa, don danginsu ɗaya. Ka karɓo katin rigakafin shawara, za a iya neman sa a filin jirgi tunda daga ƙasarmu ka taso. Biza kuma ka nema tun kana gida da sauran lokaci, kada ka dogara da cewa za a buga maka a can.

Wace hanya, kwana nawa

Hanyoyin hawa suna da dama: Marangu, Machame, Lemosho, Rongai da ke fitowa ta arewa wajen iyakar Kenya, Umbwe, da doguwar da ke zagaya arewacin dutsen. Marangu ce kaɗai ake kwana a ɗakunan katako, saura duk a tanti ne. Wannan ya sa mutane da yawa ke zaɓar ta suna ganin ita ce mai sauƙi, a kuma sayar musu da ita a kwana biyar. Kwana biyar ya yi kaɗan ga wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi. Umbwe gajeriya ce mai tsananin hawa, ka bar wa waɗanda suka saba.

Ni shawarata Machame a kwana bakwai, ko Lemosho a kwana takwas in aljihu zai ɗauka. Ana sayar da Machame a kwana shida, kuma bambancin kuɗin zai ja hankalinka. Kada ka yarda. Wannan kwana guda da ake cirewa shi ne wanda zai ba ka damar isa sansanin ƙarshe da rana tsaka ka huta, maimakon ka iso da yamma a gajiye a tashe ka da tsakar dare. In dole sai ka rage wani abu, rage otal ɗin da za ka sauka a gari, ko ka haƙura da zuwa kallon namun daji bayan ka sauko.

Lokacin zuwa: daga Janairu zuwa farkon Maris, ko daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Babbar daminarsu tana tsakanin Maris da Mayu, akwai kuma ƙarama wajen Nuwamba. Ka duba kalandar Musulunci kafin ka tsayar da rana, don wannan ba tafiyar da za a haɗa da azumi ba ce, ruwan da za ka sha a yini ya kai lita uku zuwa huɗu.

Kamfani da kuɗi

Tun 1973 dutsen yake ƙarƙashin hukumar gandun daji, kuma doka ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba. Sai da jagora mai lasisi, ta hannun kamfani mai rajista. Yawancin kamfanonin suna garin Moshi da ke gindin dutsen, wasu a Arusha. Filin jirgin Kilimanjaro yana tsakanin garuruwan biyu, kuma daga wajenmu an fi zuwa ta Adis Ababa ko Nairobi.

Ga lissafin da zai taimake ka ka gane farashin gaskiya. Hukumar gandun tana karɓar dala 70 a kan kowace rana, dala 50 a kan kowane daren da ka kwana a tanti, dala 20 na ceto, sannan a ɗora haraji kashi 18 cikin ɗari. A kwana bakwai wannan kaɗai ya doshi dala 1,000, kuma hukumar kan sake farashi, don haka ka tambayi na yanzu. Ba a sa abinci ba, ba a sa mota da tanti ba, ba a sa albashin mutanen da za su raka ka ba, waɗanda sukan kai 'yan dako uku a kan kowane baƙo, ban da jagora da mataimakinsa da kuku. In wani ya ce zai kai ka a dala 1,200, ka tambayi kanka a jikin wa zai fitar da ribarsa. Amsar kullum ɗaya ce: a jikin 'yan dako. Su ne za a ba abinci sau ɗaya a yini, a cusa su da yawa a tanti guda, a ɗora musu kayan da ya wuce kilo 20 da doka ta yanke. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata ƙungiya a Moshi da ake kira KPAP, tana sa ido kan yadda ake riƙe 'yan dako, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da suka yarda a bincike su. Ka fara nema daga cikin waɗannan. Sannan ka aika musu tambayoyi a rubuce: jagora nawa ne a kan baƙi nawa a daren ƙololuwa? Suna ɗaukar tukunyar oksijin? Suna auna oksijin ɗin jini a yatsa safe da yamma? In mutum ɗaya ya kasa, akwai wanda zai sauko da shi ba tare da an juyo da kowa ba? Ka gaya musu tun a lokacin cewa naman halal kake ci. Musulmi suna da yawa a Moshi, samun sa ba wuya, amma sai an faɗa kafin kuku ya je kasuwa. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta da kyau, da yawa ba sa biyan abin da ya faru sama da wani tsayi, kai kana son wadda ta kai mita 6,000.

Shirin jiki da kaya

Wata uku ya isa ga mai matsakaiciyar lafiya. Abin da ake so ka saba da shi shi ne tafiyar sa'o'i biyar ko shida da jaka a baya, yau ka yi, gobe ma ka tashi ka sake. Gudun minti talatin bai koya wa jiki wannan ba. In kana Kano ga Dala da Goron Dutse, hau ka sauka, ka sake hawa. Na Jos suna da duwatsun Shere. Wanda ba shi da dutse kusa ya nemi matakalar bene mai hawa da yawa. Ka ba saukowa muhimmanci, don ita ce ke cin gwiwa.

Takalmi shi ne abin da ba a haya. Sayi mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafarka girma yadda safa mai kauri za ta shiga kuma yatsu ba za su riƙa dukan gaba ba in kana gangara. Duk atisayen nan da shi za ka yi, har ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi a ranar farko bororo ne a rana ta biyu.

Tufafi hawa-hawa ake sawa, yadda za ka riƙa cirewa da ƙarawa. Ta ciki mai manne wa jiki kada ta zama ta auduga, don auduga tana riƙe gumi, in ka tsaya hutawa sai ta huce a jikinka. A kanta rigar sanyi mai laushi, sannan babbar jaket mai kumburi, sannan rigar ruwa da wandonta. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu siririya da mai kauri, tabarau mai duhu, man kare fata daga rana da man leɓe. Kada baƙar fata ta ruɗe ka, ranar can sama tana ƙona hanci da leɓe har su sale. Da yawa daga kayan nan za ka same su a wajen 'yan gwanjo da sauƙi in ka iya tonawa. Buhun barci mai jure tsananin sanyi, babbar jaket da sandunan dogarawa kuwa ana ba da hayarsu a Moshi, ba sai ka jido daga gida ba.

Babbar jakarka, wadda ɗan dako zai ɗauka, kada ta wuce kilo 15. Ƙaramar da za ka goya ta ɗauki ruwa, rigar ruwa, abin taɓawa da magani. Tocilan goshi da batir na ajiya. Gorar ruwa mai ƙarfi, don ba a shiga gandun da robar ruwa ta sha-ka-yar, kuma Tanzaniya ta hana leda tun 2019. Sanyi yana zuƙe cajin waya, saboda haka da dare ka sa ta cikin buhun barci tare da kai. Ni kuma ba na barin dabino da 'yar kwalbar yaji. Sama da mita 4,000 abinci yakan fita ran mutum, miyar kuku ta zama lami a baki, kuma dole ka ci. Yaji kaɗan a kan shinkafa ko taliya yana sa a iya haɗiyewa.

Kwanakin Machame

Rana ta farko daga ƙofar Machame, wajen mita 1,800, bayan an rubuta sunanka an auna kaya. A hanyar zuwa za ka ratsa gonakin ayaba da kofi na Chagga, mutanen gindin dutsen. Daga ƙofa sai kurmi mai duhu da laka, birai baƙaƙe masu farar jela suna tsalle a sama. Tafiyar sa'o'i biyar zuwa bakwai ce. Tun a nan jagora zai shiga gabanka ya fara wani taku da zai ba ka haushi, kamar masu rakiyar amarya, yana ta cewa "pole pole", wato sannu sannu. Kada ka wuce shi. Ma'aunin shi ne ka iya hira kana tafiya ba tare da haki ba. 'Yan dako za su riƙa wuce ka da kaya a ka, sai ka raɓe ka ba su hanya, su a nan suke aiki shekara da shekaru.

Rana ta biyu gajeriya ce amma da hawa, itatuwa su ƙare, ka fito fili a sansanin Shira wajen mita 3,800. A nan sanyin dare ke fara nuna kansa, da safe ka ga raɓa ta daskare a kan tanti.

Rana ta uku ita ce asirin wannan hanya. Za a hau da kai har Lava Tower, mita 4,600, ku ci abincin rana a can, sannan a gangaro da kai Barranco ka kwana ƙasa da mita 4,000. Wato ka yini kana wahala ka kwana kusan a tsayin da ka taso. Da gangan aka yi haka: jiki ya ɗanɗani ƙarancin iska da rana, ya samu sauƙin gyara kansa da dare. Yawancin mutane a ranar nan suke fara jin ciwon kai, kuma yakan lafa in an sauko. Kwarin Barranco kuma shi ne wurin da ya fi burge ni a duk dutsen, cike da wasu dogayen tsirrai masu kauri da tuntun ganye a ka, tsaye cikin hazo.

Da safe sai katangar Barranco, wadda daga ƙasa za ka rantse ba ta hawuwa. Tana hawuwa. Ka naɗe sandunanka ka sa a jaka, ka yi amfani da hannu, ka sa ƙafa inda jagora ya sa tasa. Akwai wani lungu da sai ka rungumi dutsen kafin ka wuce, taku biyu ne ko uku. Abin da ya fi damun mutane a nan cunkoso ne. Daga nan sai Karanga, inda masu kwana bakwai ke yada zango, masu kwana shida kuma su wuce. Kwarin Karanga ne ruwa na ƙarshe a hanyar, duk wanda za ka sha daga nan a ka ake hawa da shi, don haka a daina wasa da shi. Washegari tafiya kaɗan ce zuwa Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa, sama da mita 4,600, wuri mai duwatsu da iska, babu ko ciyawa.

Sallah ba ta gagara a dutsen. Alƙibla tana arewa, ta ɗan karkata gabas kaɗan, abin da zai zo wa wanda ya saba fuskantar gabas a baƙo. Ka roƙi ruwan ɗumi wajen kuku, za su ba ka a roba safe da yamma, kuma 'yar buta ta roba ba ta da nauyi. Inda ruwa ya yi ƙaranci ko sanyi ya kai ga cutarwa, ga duwatsu nan ko'ina don taimama. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, ka zauna da malaminka kafin ka taso. Ga mata, kuma har maza, in akwai hali a biya kuɗin ɗan tantin bayi na ƙungiya. Na gandun ramuka ne, kuma fita neman su da ƙarfe biyun dare cikin iska ba daɗi.

Ciwon tudu

A nan nake so ka nutsu. Ciwon kai mai sauƙi, rashin barci, rashin son abinci, ɗan tashin zuciya: waɗannan kusan kowa yana samu, ana sha musu ruwa da farasitamol a huta. Ƙa'idar ita ce ba a ƙara hawa matuƙar suna ƙaruwa. Amma akwai alamun da ba a jayayya da su. Ciwon kan da magani bai taɓa shi ba, amai a kai a kai, tafiya ana tangaɗi, magana ba kan gado, ko mutum ya kasa ɗaure igiyar takalminsa: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Haki alhali mutum na zaune, tari mai kumfa, ƙirji na ƙara, leɓe ya sauya launi: ruwa ne ke taruwa a huhu. Dukansu suna kisa cikin sa'o'i, kuma maganinsu saukowa ne nan take, ko da tsakar dare ne. Oksijin na tukunya taimako ne a kan hanyar sauka, ba a shaƙarsa don a ci gaba da hawa.

Matsalarmu ita ce kunya da dauriya. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya raki, ga kuma kuɗin da aka kashe, ga 'yan'uwa a gida suna jiran hoto. Sai jagora ya tambayi mutum yaya kai, ya ce lafiya lau, alhali kansa kamar zai rabe. Jagora ba bokanka ba ne, da abin da ka faɗa masa yake aiki. In ka faɗa da wuri, sau da yawa gyara kaɗan ne, a rage taku, a karɓar maka jaka. In kun je ku biyu ko uku, ku yi alkawari tun a Moshi cewa kowa zai faɗi abin da ya gani a jikin ɗan'uwansa, don wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa shi ne na ƙarshen sani. Kuma in jagora ya ce a juya, an gama magana.

Daren ƙololuwa

Za a ba ku abincin dare da wuri a ce ku kwanta. Barci ba lallai ya zo ba, kwanta kawai. Kafin nan ka shirya komai: sabon batir a tocila, dabino a aljihun da hannu mai safa zai iya shiga, ruwan ɗumi a gora, ka juya ta baki ƙasa cikin safa don daga sama ruwa ke fara daskarewa. Masu jakar ruwa mai tiyo su sani tiyon nan zai toshe da ƙanƙara. Wajen ƙarfe sha ɗaya za a tashe ku, shayi da biskit, sha biyu a kama hanya.

Sa'o'i shida zuwa bakwai za ka yi kana hawa cikin duhu a kan tsakuwa, ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka da jerin fitilu can sama. Kada ka riƙa ɗaga kai kana duba su, karya zuciya suke yi. Sanyi yakan sauka ƙasa da sifili da digiri goma ko fiye, kuma tsakanin ƙarfe uku da biyar ne ya fi tsanani. Hutu gajere ake yi, minti biyar, ka sha ruwa ka tauna wani abu ko ba ka so, ka motsa yatsu. Kada ka kwanta, kada ka rufe ido. Dabarar taku ita ce ka ɗaga ƙafa, ka dire, ka miƙe gwiwar baya ta ɗauki nauyinka na ɗan lokaci, ka ja numfashi, sannan ka sake. Wani dattijo da muka hau tare, da ƙyar yake magana, ya ce da ni, "Malam, ni fa na daina lissafin dutse, salati nake ƙirgawa." Da wannan ya kai.

Gari yakan waye kana dab da Stella Point, mita 5,756, a bakin ramin tsohon aman wutar. Rana za ta fito ta bayan Mawenzi, ɗaya ƙololuwar mai tsini-tsini, kuma da zarar ta taɓa ka rabin wahalar ta tafi. Mutane da yawa a nan suke zama su ce ya isa. In kanka garau yake, ba ka tangaɗi, tashi: saura kamar sa'a guda, kuma hawan ba shi da tsanani. A hagunka za ka ga ganuwar ƙanƙara fara fat, ragowar wadda Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka tarar da suka fara kaiwa sama a 1889. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta narke. A allon Uhuru, wato ainihin ƙololuwar, za ka tarar da layi. Ka ciro waya daga cikin riga sai lokacin ɗaukar hoto, ka ɗauka, ka juya. Minti goma sha biyar ya isa, jiki ba ya son zama a can.

Saukowa da sallama

Ranar ba ta ƙare ba. Za ka gangaro Barafu cikin sa'o'i uku a kan tsakuwa mai zamewa, ka ɗan kwanta, ka ci abinci, a sake tashin ka zuwa sansanin Mweka wajen mita 3,100. Gaba ɗaya yinin yakan kai sa'o'i goma sha biyu zuwa sha biyar a ƙafa. Ka ƙara tsawon sandunanka, ka ɗaure takalmi tamau a wuyan ƙafa, kuma ka tabbata ka yanke farce tun a gari, in ba haka ba babban yatsa zai yi baƙi ya cire. Yawancin faɗuwa da targaɗe a nan suke faruwa, lokacin da hankali ya riga ya koma gida.

A sansanin Mweka ake ba ma'aikata hasafi, kuma a wajensu wannan babban kaso ne na abin da suke kaiwa gida. Ka tambayi kamfani adadin da aka saba tun kafin ka taso, ka ware shi daban, ka canza shi zuwa ƙananan takardu na shilin ko dala. In dala ce ta zama sabuwar bugawa, tsofaffin takardu ba sa karɓuwa a can. Ka nemi jerin sunayen duk ma'aikatan, ka ƙirga su da idonka, ka faɗi abin da kowa zai samu a gaban kowa, ko ka sa a ambulan ka miƙa wa kowa a hannunsa. Wanda ya riƙa hawo maka da ruwa daga Karanga da wanda ke wanke tantin bayi a ƙara musu. Safa, safar hannu ko jaket ɗin da ka san ba za ka sake sawa ba a zafin garinku, a nan suke da amfani.

A ƙofar Mweka za ka sa hannu a littafi, a ba ka takardar shaida: mai ruwan zinare ga wanda ya kai Uhuru, koriya ga wanda ya tsaya a Stella. Kada ka sa jirginka a wannan daren. Ka bar kwana guda a Moshi, ƙafa za ta kumbura, kuma matakalar otal ma sai ka riƙe ƙarfe kafin ka sauka.